Akawun da Bai Taɓa Tsayawa Zaɓe Ba: Thomas Erskine May da Ƙa'idar Gyaran Ƙudiri

Duk wanda ya halarci zaman majalisar wakilan ɗalibai na ƙarshen zangon da ya wuce ba sai na ba shi labari ba. Wanda bai zo ba kuwa, ya dai san har yau da jarka yake sammakon neman ruwa. Ni ne na kawo ƙudirin ruwan nan. Abin da na nema bai wuce layi huɗu ba: a cire kuɗi daga asusun ƙungiya a gyara injin rijiyar burtsatse da ke bayan ɗakunan kwana, a kuma kafa kwamitin mutum biyar ya sa ido a kan aikin. An goya min baya, an fara muhawara lami lafiya. Can sai wani honorabul ya miƙe ya ce yana da gyara. Gyaran nasa shi ne a ƙara wani sashe a ƙarshen ƙudirin wanda zai ninka alawus ɗin zama na 'yan majalisa. Kakaki ya karɓa. Kafin ka ce kwabo wani ma ya miƙe da nasa, wai a haɗa har da sauya ranar zaɓen ƙungiya.

Daga nan wuri ya yamutse, kowa na ihun foyin of oda, ba mai jin wani. Waɗanda ke son ruwa amma ba sa son ƙarin alawus suka rasa yadda za su yi da hannunsu. In sun ɗaga, a ce sun ci kuɗin ɗalibai. In sun ƙi, a ce su suka hana jama'a ruwa. Magariba ta yi, aka ɗage zama, ƙudirin ruwa ya bi ruwa.

Ban kama sunan kowa ba, kuma ba zan kama ba, don ni ma da nawa laifin. Na ji a jikina abin da ake yi ba daidai ba ne, amma da aka ce in kawo hujja sai na tsaya ina inda-inda.

Da hutu na koma gida Makarfi, lokacin ana tsakiyar saran rake. Na kwashe labari na faɗa wa kawuna, wanda ya yi aikin akawu shekaru da yawa kafin ya yi ritaya. Ya yi dariya har da tari. Ya ce ai wannan ko a zauren mai unguwa ba za ta saɓu ba, domin in ana shari'ar iyakar gona wani ya jawo tsohon rikicin aure, dattijo zai ce masa ya ajiye ta sai ranarta. Sannan ya tambaye ni ko a makarantar tamu an taɓa gaya mana sunan Erskine May. Na ce a'a. Ya girgiza kai, ya ce to mu 'yan majalisar wasan yara ne. Abin ya ɗan yi min zafi, shi ya sa na nemi littafin a waya a daren. Tun 2019 majalisar dokokin Birtaniya ta sa shi a intanet kyauta, data kawai zai ci maka. Na fara da neman hujjar da zan rama, na ƙare da bin tarihin mutumin da kansa.

An haifi Thomas Erskine May a arewacin Landan ranar 8 ga Fabrairu, 1815. Ya yi karatu a makarantar Bedford, bai shiga jami'a ba. A 1831, yana ɗan shekara 16, aka ɗauke shi mataimakin mai kula da laburaren Majalisar Wakilai ta Birtaniya. Wato a shekarun da da yawanmu muke fama da jarrabawar gama sakandare, shi ya riga ya shiga ginin da zai yi kusan shekara 55 a cikinsa.

Aikin da ya tarar ba na burgewa ba ne ko kaɗan. Majalisar tana da kundin da ake rubuta abin da ta yanke kowace rana, ɗaruruwan shekaru ana tara shi. Aikin 'yan laburare har da yi wa kundin nan fihirisa, domin in aka tashi neman abin da aka taɓa yankewa a kan wata matsala a san shafin da za a buɗe. Yaro ne ke zaune yana karanta tsoffin hukunce-hukunce layi bayan layi. Wani zai ga wannan horo ne. Amma a nan May ya haddace ɗabi'ar majalisar, har ya fi masu zama a cikinta saninta.

Shekara guda da zuwansa, a 1832, aka zartar da babbar dokar gyaran zaɓe, wadda ta ba sababbin biranen masana'antu wakilci. Sababbin wakilai suka shigo da sababbin buƙatu, aiki ya yi yawa, lokaci ya yi kaɗan. Sai kuma gobara. Ranar 16 ga Oktoba, 1834, ma'aikata suka ƙona tarin tsoffin sandunan katako da baitulmali ke amfani da su wajen lissafin bashi a da, a cikin murhun da ke ƙarƙashin zauren Majalisar Dattawa. Wuta ta ƙwace, ta cinye mafi yawan fadar Westminster, har da ɗimbin takardun Majalisar Wakilai. May yana da shekara 19 a lokacin. A ganina wanda ya ga tarihin ma'aikatarsa ya zama toka a dare ɗaya ba sai an yi masa wa'azi a kan amfanin tattara ƙa'idoji wuri guda ba.

Yana wannan aiki yana karatun lauya, ya zama lauya a 1838, ya yi aure a 1839. Sai a 1844, yana da shekara 29, ya fitar da littafin da ya sa muke maganarsa yau, a kan doka da alfarma da tsarin aiki da al'adun majalisa. Kafin shi akwai kundin John Hatsell, wani tsohon akawun majalisar, mai juzu'i huɗu, cike da misalan abubuwan da suka taɓa faruwa. May ya jera nasa yadda ɗan majalisa zai buɗe ya ga amsar tambayarsa nan take: yadda ake gabatar da batu, yadda ake gyara shi, yadda ake kaɗa ƙuri'a, matakan da ƙudirin doka ke bi. Ba majalisa ce ta sa shi ba, kuma littafin ba doka ba ne. Amfaninsa ne ya sa aka rungume shi. Sau tara aka buga shi yana raye, kowane bugu da sabuntawa, aka fassara shi zuwa Jamusanci da Faransanci da Japananci da wasu harsunan. A yau ba mai wahalar da kansa da dogon sunan littafin, sunan marubucin kawai ake kira.

To yanzu ga inda ya shafe mu. Ni na ɗauka tun fil azal Turawan nan suna da ƙa'idar cewa dole gyara ya dace da batun da ake kai. Ashe ba haka ba ne. Majalisar da May ya tarar tana da al'adar da ta fi tamu ɓarna. Mutum zai kawo batu, wani ya miƙe ya nemi a share duk kalmomin in ban da ta farko, a cusa wani zance dabam. Haka kuma duk lokacin da gwamnati ta nemi a shiga zaman duba kuɗin da za ta kashe, kowane wakili na da damar kawo gyara a kan duk abin da ke damunsa a duniya, bisa tsohuwar hujjar cewa sai sarki ya ji koke kafin a ba shi kuɗi. Hujjar tana da kyau, amma sakamakonta shi ne a shafe dare ana surutu ba a taɓa maganar kuɗin ba.

Akwai wata dabara da ta fi wannan tsufa, kuma ita ce ainihin abin da aka yi wa ƙudirina. Tun shekarun 1670 Majalisar Wakilai ta kafe cewa Majalisar Dattawa, ta masu sarauta da manyan limaman coci, ba ta da ikon taɓa ƙudirin haraji. Ko ta karɓe shi yadda yake, ko ta ƙi shi gaba ɗaya. Sai wakilai suka gano hanya: duk abin da suka san dattawa ba za su yarda da shi ba, sai su liƙa shi a jikin ƙudirin haraji. A fake da guzuma a harbi karsana ke nan. A watan Disamba na 1702 dattawa suka zartar da matsaya cewa liƙa wa ƙudirin kuɗi abin da ba shi da alaƙa da shi ya saɓa wa tsarin majalisa. Bayan shekara biyu aka gwada ƙarfi. Akwai wani ƙudiri da ke neman toshe wa Kiristocin da ba mabiya cocin gwamnati ba hanyar riƙe muƙami, domin wasunsu kan leƙa cocin jefi-jefi don kawai su cika sharaɗi. Dattawa sun riga sun hana shi wucewa har sau biyu. Masu tsattsauran ra'ayi a cikin wakilai suka ce to a liƙa shi a ƙudirin harajin filaye, alhali ƙasar na cikin yaƙi da Faransa, da kuɗin harajin nan ake biyan soja. Lissafinsu shi ne ba wanda zai yarda a ce shi ya bar soja da yunwa. Ranar 28 ga Nuwamba, 1704, wakilan da kansu suka kayar da dabarar da ƙuri'a 251 a kan 134, kuma cikin waɗanda suka ƙi har da masu son ƙudirin cocin.

Ku cire soja ku sa ruwa, ku cire coci ku sa alawus. Wallahi da na karanta wannan sai da na ajiye waya na yi dariya ni kaɗai.

A tsawon aikin May ne aka riƙa ɗaure wannan saki sannu a hankali. Ba zan ce shi kaɗai ya yi ba, shi ma'aikaci ne, ba shi da ƙuri'a. Amma a 1849 ya fitar da ƙaramin littafi na shawarwari kan yadda za a hanzarta aikin majalisa, ya kuma ba da shaida gaban kwamitoci da dama da aka kafa don gyaran tsarin zama. A 1854 majalisa ta kafa ƙa'idar da har yau tana nan: kwamitin da ke duba ƙudirin doka yana iya yin duk gyaran da ya ga dama, da sharaɗin gyaran ya shafi abin da ƙudirin ya ƙunsa. In gyaran ya dace da batun amma ya ɗan zarce abin da taken ƙudirin ya faɗa, sai a gyara taken, a kuma sanar da majalisa a fili cewa an yi haka.

Bari in ɗan tsaya a nan, don nan ne abin da muke buƙata yake. Gyara iri uku ne kacal: a cire kalmomi, a ƙara kalmomi, ko a cire wasu a maye gurbinsu da wasu. Kafin kakaki ya bari a yi muhawara a kan kowanne, akwai tambayoyin da zai yi wa kansa. Shin gyaran yana cikin da'irar ƙudirin? Shin ya shafi sashen da ake kai yanzu, ko na wani sashe ne can gaba? Shin yana rushe manufar da majalisa ta riga ta amince da ita a karatu na biyu? Wanda ya kawo gyara cewa a gyara rijiya amma kada a kashe ko kwabo, ai ƙin ƙudirin yake yi, sai ya jira ya ƙi shi da ƙuri'arsa. Shin gyaran yana karo da abin da aka riga aka yanke ɗazu a wannan zaman? In kuma gyara ne a kan gyara, dole ya tsaya a kan gyaran farko, kada ya tsallake ya koma wani wuri.

Mu auna da namu. Da wani ya ce maimakon gyara injin a sayi na sola, wannan gyara ne mai kyau, ko da ni ban so ba, dole in saurara a kaɗa ƙuri'a. Da wani ya ce kwamitin ya zama mutum bakwai kuma a sa mata uku, ya dace. Da wata ta ce a haɗa da famfon ɓangaren 'yan mata, nan ne kakaki zai yi tunani, domin take ya ce rijiya ɗaya amma batun ruwa ne, kuma ni da ni ne da na karɓa na sa a gyara taken. Alawus kuwa, babu ta inda ya haɗa hanya da ruwa in ban da cewa asusu ɗaya za a taɓa. In ko wannan ya isa hujja, to kowane abu a ƙungiya ya dace da kowane ƙudiri.

Kada wani ya ce ƙa'idar ta hana honorabul ɗin nan magana. Yana da cikakken 'yancin kawo ƙudirin alawus da sunansa, a sa shi a takardar ajanda, kowa ya gani tun kwana biyu kafin zama, ɗalibai su cika zaure su ji wanda zai ɗaga hannu. Abin da aka hana shi kawai shi ne ya ɓuya a bayan jarkar mutane.

Mu koma ga May. Kafin shekarun 1840 su ƙare ya bar laburare ya koma tantance ƙudirorin kamfanoni masu zaman kansu, a daidai lokacin da haukar shimfiɗa layin dogo ta kama Ingila, takardu na kwarara kamar ruwan Agusta. A 1856 ya zama mataimakin akawun majalisa, a 1866 Sarauniya Victoria ta ba shi lambar girma ta Sir, a 1871 ya zama Akawun Majalisar Wakilai. Kujerarsa tana gaban teburi, ƙasa da ta kakaki, inda kakaki zai sunkuyo ya nemi shawara in abu ya cakuɗe. Ya yi wa kakaki uku aiki a wannan muƙami: Denison, Brand da Peel. A gefe guda ya rubuta tarihin tsarin mulkin Ingila daga 1760 zuwa 1860, da wani littafin a kan dimokuraɗiyya a Turai.

Jarrabawar rayuwarsa ta zo daga Ailan. A lokacin tsibirin gaba ɗaya yana ƙarƙashin Birtaniya, wakilansa 'yan tsiraru ne a Landan, kukansu a kan filayen noma da mulkin kai ba mai saurare. Sai wasunsu, musamman Joseph Biggar da Charles Stewart Parnell, suka ce tunda ba za a yi aikin Ailan ba, to na Ingila ma ba za a yi ba. Makaminsu ƙa'idojin majalisar ne da kansu. A 1875 Biggar ya yi kusan awa huɗu a tsaye yana karanto rahotannin gwamnati. A 1877 suka riƙe majalisa fiye da awa 26 a kan wani ƙudiri da ya shafi Afirka ta Kudu, gyara bayan gyara, neman ɗage zama bayan neman ɗage zama. Sun karanci tsarin da May ya rubuta, sun san duk wata kafa da ke cikinsa.

Abin ya kai maƙura a 1881. Gwamnatin Gladstone ta kawo ƙudirin da zai ba ta ikon tsare mutum a Ailan ba tare da shari'a ba. Aka fara zama ranar Litinin 31 ga Janairu da yamma, ba a tashi ba har safiyar Laraba 2 ga Fabrairu, awa 41. Da safiyar nan Kakaki Henry Brand ya shigo, ya tsayar da muhawara da ikon kansa, ya sa aka kaɗa ƙuri'a, alhali babu wata rubutacciyar ƙa'ida da ta ba shi wannan dama. Washegari aka dakatar da wakilan Ailan fiye da 30 a zama ɗaya. May ne akawu a duk wannan dambarwa, shi ne babban mai ba kakaki shawara kan tsari. A 1882 majalisa ta yi zama na musamman ta rubuta sababbin ƙa'idoji: hanyar rufe muhawara da ƙuri'a, ikon kakaki ya zaunar da duk wanda ya nace da sakin layi ko maimaita magana, da taƙaita gyare-gyaren nan na kafin zaman kuɗi.

Nan ne na ɗan yi sanyi da mutumin, gaskiya. Mu da kakanninmu suka ɗanɗana mulkin Turawan nan ba sai an gaya mana ɓangaren da zuciya za ta karkata ba. 'Yan Ailan suna da gaskiya a kan dokar tsare mutane, kuma ƙa'idojin da aka ɗaure an ɗaure su ne don a yi maganinsu. Kalmar nan ta sakin layi wuƙa ce, tana hannun kakaki, kuma kakakin da ya ɗauki ɓangare zai iya yanka duk gyaran da bai yi wa mutanensa daɗi ba ya ce bai dace ba. Na ga irin haka a ƙananan taruka, kun gani ku ma. Duk da haka ban canza ra'ayi a kan ƙa'idar ba. Abin da na ƙara fahimta shi ne dalilin da ya sa May ya ɓata rayuwarsa yana rubuta hukuncin kowane kakaki da ranarsa. In an rubuta cewa bara an karɓi gyara irin kaza, kakakin bana ba zai ƙi irinsa ba sai ya yi bayani. Mu kuwa ina littafin hukunce-hukuncen kakakinmu? Ko minitin zaman da ya wuce sai an yi cigiya.

Wani zai ce me ya haɗa mu da akawun Landan. Hanyar gajeriya ce. A 1947, ƙarƙashin tsarin mulkin Richards, Majalisar Dokokin Arewa ta fara zama a Kaduna, ana muhawara da Turanci da Hausa, bisa tsarin zama da aka kwaikwayo daga Westminster. Ginin Lugard Hall da ta zauna a ciki shi ne mazaunin Majalisar Dokokin Jihar Kaduna a yau, inda wakilan Makarfi da Kudan da Ikara ke zama. A Legas kuwa abin ya fi haka kusa. Sir Frederic Metcalfe, wanda ya riƙe kujerar May ta Akawun Majalisar Wakilai ta Birtaniya daga 1948 zuwa 1954, shi aka kawo ya zama Kakakin Majalisar Wakilan Najeriya a 1955. Daga hannunsa Jaja Wachuku ya karɓa, sannan Alhaji Ibrahim Jalo Waziri na Gombe ya riƙe daga 1960 har juyin mulkin 1966. A 1979 mun koma tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka, amma sandar majalisa da karatu uku da bin ƙudiri sashe-sashe duk suna nan yadda aka gada. Kundin ƙungiyoyin ɗalibai kuma daga na manya aka kwafo shi, sau da yawa an kwafi sanda da rigar kakaki an bar ƙa'idar a baya.

Amurkawan ma darasi ne. Majalisar Wakilansu ta rubuta sharaɗin dacewar gyara tun 1789, ta riga Birtaniya nesa. Majalisar Dattawansu kuwa ba ta da wannan sharaɗi a yawancin muhawara, shi ya sa har gobe za ka ji an liƙa wa ƙudirin kasafi wani abu da ko a mafarki bai shafe shi ba, don an san da wuya shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu.

Littafin May bai tsufa ba. A watan Maris na 2019, ana rikicin ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, Kakaki John Bercow ya kafa hujja da shi ya hana gwamnati sake kawo yarjejeniyar da majalisa ta riga ta ƙi ba tare da canji ba, bisa al'adar da ta faro tun 1604. Firaministar da abin ya faɗa wa ita ma sunanta May, Theresa May.

Shi dai Sir Thomas ya ajiye aiki a watan Afrilu na 1886, jiki ya yi rauni. A watan Mayu aka naɗa shi sarautar Baron Farnborough, wadda ta ba shi kujera a Majalisar Dattawa. A karon farko mutumin da ya shekara 55 yana gaya wa wasu yadda ake magana a majalisa ya samu damar miƙewa ya yi tasa. Kimanin mako guda bayan naɗin, ranar 17 ga Mayu, ya mutu yana da shekara 71. Bai bar ɗa ba, sarautar ta ƙare a kansa.

Na duba kundin tsarin mulkin ƙungiyarmu daga bango zuwa bango. Ya faɗi kalar rigar kakaki, ya faɗi wanda zai ɗauki sanda, bai ce komai ba a kan irin gyaran da za a karɓa. Tunda kwamitin bitar kundin ya buɗe ƙofar karɓar shawarwari, na miƙa guda biyu. Ta farko, a rubuta cewa dole kowane gyara ya shafi batun da ake kai, wanda bai shafa ba a mayar wa mai shi ya kawo shi a matsayin ƙudirinsa na kansa. Ta biyu, duk lokacin da kakaki ya ƙi gyara ya faɗi dalili, akawu ya rubuta a littafi na musamman da kowane ɗalibi zai iya dubawa, kuma majalisa na iya soke hukuncin da rinjayen kashi biyu cikin uku. Ƙudirin ruwa ma na sake miƙa shi, layi huɗun nan dai, ban ƙara ko wasali ba. Yana kan ajandar zama na farko bayan rajista, kuma zauren a buɗe yake ga kowa, har da masu jarka.